Tsakanin Harbi da Harbi: Daga Bindigar Tonawa Zuwa Mai Fistin



A gidaje da yawa na Dichemso da Aboabo da Sabon Zango, idan mutum ya shiga ɗakin tsohuwa ya ɗaga kai, zai ga wani hoto da ya fara dusashewa: saurayi tsaye ƙyam, da jar dara a ka, da gajeren wando, da doguwar bindiga a gefensa. Jikoki sukan ce, kakanmu ne, ya je yaƙin Bama. In kuwa suka fita titi, a shingen 'yan sanda ko a ƙofar banki, wata bindigar dabam za su gani rataye a kafaɗa, gajera, mai lanƙwasasshen gidan harsashi kamar ayaba, wadda ko yaro ya san sunanta AK. Shekarun da ke tsakanin dawowar mai hoton daga Bama da fitowar wannan bindiga ba su kai biyar ba, amma ta hoton sai mai ita ya ja sakata da hannu bayan kowane harbi, wannan kuwa da kanta take ɗura kanta. Sirrin yana cikin wani ɗan bututu da ke kwance a bisa hancinta, da sandar ƙarfen da ke kai da komowa a cikinsa, wadda makanikai ke kira fistin.

Mun ga ya dace mu bi sawun wannan ƙarfe, domin garin nan da muke zaune ya ɗanɗani matakai da dama na hanyar da ta kai gare shi, kuma kakanninmu suna cikin waɗanda suka saɓa makaman a kafaɗa.

Daular Asante, wadda a bakinmu muke ce wa mutanenta Tonawa, da zinariya da bindiga ta tashi. Daga gidajen cinikin Turawa na bakin teku, irin su Elmina ta 'yan Holan da Osu ta 'yan Danmak, ake sayo dogayen bindigogin nan na toka, a biya da zinariya, a biya da bayi. Sarakunan Kumasi sun san darajar abin da ke hannunsu, shi ya sa suka tsare hanya, ba su yarda bindiga da albarushi su haura arewa zuwa Salaga, inda fataken goro na Kano da Katsina suke sauka. Falke ya sayi goro iyakar abin da jakunansa za su ɗauka, amma bindiga sai dai ya gan ta a kafaɗar wani.

Ɗurin irin wannan bindiga aiki ne mai cin lokaci. Sai a tsayar da ita, a zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda, a ɗan barbaɗa albarushi a kaskon da ke gefe, a ɗana, sa'an nan a ja kunama dutsen ƙyastu ya ba da wuta, in an yi sa'a raɓa ba ta jiƙa shi ba. Ƙwararre ne ke samun harbi biyu ko uku a minti guda. Mutanen arewa da suka laƙaba wa irinta suna harba-ruga ba su yi ƙarya ba, gama wanda ya harba ya kuskure, sandar ƙarfe kawai ta rage masa a hannu. Wannan ɗan lokaci da ke tsakanin harbi na fari da na biyu, shi ne abin da maƙeran bindiga na duniya suka shafe fiye da shekara ɗari suna neman kashewa.

Kumasi ta ga sakamakon matakin farko a 1874. Sojojin da Sir Garnet Wolseley ya zo da su, wanda daga sunansa Tonawa suka kira yaƙin Sagrenti, suna riƙe da Snider, bindigar da Ingila ta fara raba wa sojojinta a 1866. Ta baya ake ɗura ta, kuma harsashi da albarushi da abin kunna wuta duk suna cikin kwanso ɗaya. Soja yana iya harbi kusan goma a minti, yana durƙushe a bayan itace. A Amoafo, ran 31 ga Janairu, Tonawa sun yi jarumtar da abokan gabansu ma suka shaida, amma dalmarsu ba ta cin nisa, kuma kafin su ɗura sau ɗaya an harbe su sau uku ko huɗu. Ran 4 ga Fabrairu Wolseley ya shiga Kumasi, bayan kwana biyu ya bar ta tana cin wuta.

A nan ne sunanmu ya shiga labarin. Tun 1863 Kyaftin John Glover ya fara tara Hausawa a Legas yana ba su horon soja, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Igwogin da suka buɗe hanya a Amoafo, Hausawa ne ke harba su a ƙarƙashin Kyaftin Rait, shi kuma Glover ya biyo ta gabas da nasa ayarin, ya iso bayan an riga an ƙone garin. Wannan babi ne da ba mu cika son karantawa a bainar jama'a ba, tun da yau muna zaune lafiya a ƙasar Asantehene, muna kai gaisuwa Manhyia. Amma ya faru, kuma ɓoye shi ba zai shafe shi ba. Abin da za mu ƙara shi ne, Musulmi sun riga bindigar Bature zuwa Kumasi da daɗewa: Bowdich ya tarar da malamai a kusa da fadar Osei Bonsu a 1817, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Kuma ba duk wanda Bature ya rubuta Bahaushe a littafin bariki ne Bahaushe ba. Akwai Gurunsawa da Mosawa da Dagwambawa da Zabarmawa da Barebari, harshen bariki ne ya haɗa su. Rundunar da aka kafa a 1879, wadda ta zama rejimantin Gwalkwas a 1901, takenta da Hausa yake: Kullum Shiri.

Mataki na biyu ya zo da bindiga mai ruwa, wadda Hiram Maxim ya ƙera a Landan a 1884. An kira ta haka ne saboda tulun ruwan da ke kewaye da hancinta don kada ya narke, tun da tana fitar da harsashi wajen 500 ko fiye a minti. A 1900, da Gwamna Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya hau, Yaa Asantewaa ta tayar da ƙasa, aka tsare shi a ginin sojan nan na Adum da a yau ya zama gidan tarihi. Masu gadin ginin yawancinsu sojojin da ake kira Hausawa ne, kuma bindiga mai ruwa tana cikin abin da ya hana a ci su da farmaki, sai dai yunwa da cuta suka yi musu ɓarna, har Kanar Willcocks ya iso a tsakiyar Yuli. Tonawa sun koyi darasin 1874, suka daina fitowa fili, suka riƙa gina shingaye masu kauri da gumagumai da ƙasa a kan hanyoyi. Bayan shekara uku bindigar nan ta isa ƙasar kakanninmu. Ran 15 ga Maris 1903 ta tarwatsa dawakin Sarkin Musulmi Attahiru a bayan ganuwar Sakkwato, a Yuli kuma aka ƙarasa a Burmi.

Sai dai bindiga mai ruwa kaya ce. Tana bukatar ƙafafun da za a girka ta, da ruwa, da jigidar harsashi, da mutane da dama masu ɗauka. Tambayar da ta rage wa maƙera ita ce yadda za a sa irin wannan aiki a hannun mutum ɗaya mai tafiya da ƙafa. Kafin a amsa ta kuwa sai an san inda za a samo ƙarfin da zai yi aikin hannu, wato ya buɗe sakata, ya fitar da kwanson da ya ƙone, ya sa sabon harsashi. Maxim ya yi amfani da tokarin da bindiga ke yi wa kafaɗa idan ta tashi. Wani Ba'amurke, John Browning, ya dubi wani wajen. Ana ba da labarin cewa a 1889 ya lura da yadda ciyawa ke kwantawa a gaban bakin bindiga in an harba, sai ya gane cewa hayaƙin albarushi ƙarfi ne da ke tafiya a banza. Daga wannan tunani bindigarsa ta Colt ta 1895 ta fito.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Suame Magazine ya ga an buɗe injin mota, ya riga ya san rabin bayanin. Sunan wurin ma daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa ya samo asali, inda masu gyara suka fara kafa rumfunansu. A cikin inji, mai yakan ƙone a silinda, iskar da ta kumbura ta tura fistin, fistin ya juya ƙafa. Hancin bindiga shi ma silinda ne, harsashi kuwa fistin ne da ba ya dawowa. Abin da maƙera suka yi shi ne, suka huda ɗan ƙaramin rami a saman hancin, can wajen gaba. Da zarar harsashi ya wuce ramin, wani kaso na hayaƙin da ke korar sa ya haura ta nan, ya shiga bututu na biyu, ya bugi kan fistin. Fistin ya ja da baya, ya tura ƙarfen da ke ɗauke da sakata, sakata ta kwance, ta fizgo kwanson ta jefar gefe, ta ɗana guduma, ta matse sifirin. Sifirin ya mayar da komai gaba, a hanya sakata ta kwaso sabon harsashi ta cusa, ta kulle. Duk wannan cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Wahalar tana wajen lokaci da awo. In sakata ta buɗe alhali harsashi bai bar hanci ba, kwanso zai fashe a fuskar mai harbi. In hayaƙin ya yi kaɗan, sakata ba za ta kai ƙarshen tafiyarta ba, bindiga ta cije. In ya yi yawa, ƙarafa su riƙa dukan juna har su karye. Daga nan maƙera suka rabu gida biyu. Waɗansu suka haɗe fistin da mai ɗaukar sakata suka zama abu ɗaya, suna tafiya tare har ƙarshe, wannan shi ne mai doguwar tafiya: yana da ƙarfi, ba ya jin datti, amma nauyin da ke kai da komowa yakan girgiza bindiga ya ɓata saiti. Waɗansu kuma suka bar fistin shi kaɗai, ya yi ɗan gajeren bugu kamar maƙeri ya doki kan ƙusa, ya tsaya, sauran su ci gaba da tafiya da ƙarfin bugun. Wannan ya fi natsuwa, amma guntayensa sun fi yawa.

An daɗe ana tuntuɓe kafin a iya. Janar Manuel Mondragón na Meksiko ya ƙera bindiga mai fistin da ƙasarsa ta karɓa a 1908, aka buga ta a Suwizalan. Da Jamusawa suka saye ragowar a Yaƙin Duniya na Ɗaya, taɓon ramukan yaƙi ya hana ta aiki, sai suka ba 'yan jirgin sama, inda babu taɓo. Amurka ce ta fara raba wa dukan sojojinta na ƙasa bindiga mai ɗura kanta, wato M1 ta John Garand, wadda aka karɓa a 1936, mai cin harsashi 8.

Kakanninmu kuwa Lee-Enfield aka ba su, mai cin 10, wadda soja mai horo ke harba 15 da ita a minti yana jan sakata da hannu. Da ita suka yaƙi Italiya a Habasha a 1941, inda aka yi gumurzun Uaddara da barikin Kumasi ya ci sunansa, da ita kuma suka shiga dazuzzukan Arakan a runduna ta 81 da ta 82, har Myohaung a Janairun 1945. Amma fistin ya riga ya shiga hannunsu ta wata ƙofa. Kowane ƙaramin rukuni yana da Bren guda ɗaya, mai gidan harsashi a ka, wadda asalinta ƙirar garin Brno ce ta Cekoslobakiya, aka gyara ta a Enfield, aka haɗa farkon sunayen garuruwan biyu aka raɗa mata. Tana da maɓalli mai ramuka huɗu da ake juyawa a ƙara mata hayaƙi in datti ya fara nauyaya ta. Dattawan da muka tarar muna yara, waɗanda suka yi wannan tafiya, ba su cika maganar harbi ba. Ruwan sama da matsattsaku da nauyin kayan da aka ɗora musu a ka suka fi ambata, kuma mai ɗaukar Bren yana cikin waɗanda suka fi shan nauyin.

Abin da ya hana a mayar da bindigar kowane soja irin Bren shi ne harsashin kansa. Harsasan wancan zamani an yi su ne su kashe a nisan da ya wuce kilomita, saboda haka ƙarfinsu ya fi abin da kafaɗa za ta iya riƙewa in ana harbi a jere. Jamusawa suka bincika suka ga yawancin faɗa a ƙasa da mita 400 ake yin sa, inda ido ke iya rarrabe mutum da kututture. Sai suka rage tsawon kwanson daga milimita 57 zuwa 33. Hugo Schmeisser na kamfanin Haenel ya ƙera wa wannan gajeren harsashi bindiga mai fistin mai doguwar tafiya, mai cin 30, wadda ke harbi ɗaiɗai ko a jere. Hitila bai so ta ba da fari, har sai da aka ɓoye ta a ƙarƙashin sunan wata ƙaramar bindiga, amma da sojojin fagen Rasha suka yi ta roƙon a ƙaro, a 1944 aka raɗa mata Sturmgewehr, ma'ana bindigar farmaki. Sunan da ake kiran duk danginta ke nan har yau.

Rasha ta ga abin da ake harbin ta da shi, ta fitar da nata gajeren harsashin a 1943, ta kuma buɗe gasa tsakanin maƙera. Cikin masu shiga akwai wani saje mai suna Mikhail Kalashnikov, haifaffen 1919, ɗan manoman da gwamnatin Stalin ta ƙwace wa gona ta kora Saiberiya. Direban tankar yaƙi ne, aka ji masa rauni kusa da Bryansk a Oktoban 1941, kuma a jinya ya fara zanen bindiga, alhali bai yi karatun injiniya mai zurfi ba. Ƙirarsa ta farko ba ta ci ba. A 1947, a garin Kovrov, shi da wani injiniya Aleksandr Zaitsev suka sake ta kusan daga tushe, ta tsallake gwajin taɓo da yashi da ruwa fiye da abokan takararta, duk da cewa waɗansunsu sun fi ta saiti. A 1949 sojan Tarayyar Sobiyet ya karɓe ta, ana buga ta a Izhevsk.

Akwai masu cewa kwaikwayon Schmeisser ya yi, suna kafa hujja da kamannin bindigogin biyu da kuma cewa an kai Schmeisser Izhevsk bayan yaƙi. A ganinmu wannan magana ta yi gajarta. Tunanin gajeren harsashi na Jamus ne, babu musu. Amma sakatar Jamus karkata take yi ta kulle, ta Kalashnikov kuwa juyawa take yi, yadda ta Garand ke yi. Maƙeri ba ya fara sana'a daga kansa, ya tsinci abin kirki a maƙerar kowa ya haɗa, gwanintarsa tana wajen sanin abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Abin da ya zaɓa shi ne sarari. Sauran maƙera suna alfahari da ƙarafan da suka zauna daram, ba wurin da gashi zai shiga. Shi kuwa ya bar rata tsakanin guntayen da ke motsi, domin yashi ya sami inda zai faɗa maimakon ya toshe hanya. Ya sa fistin da mai ɗaukar sakata suka yi nauyi, ya ba su hayaƙi fiye da bukata, yadda in sun taso ba ƙaramin datti ne zai tsayar da su ba. Kwanson harsashin yana da tsini kamar turmin da aka kifa, faɗi a gindi, matsi a sama, saboda haka da ɗan ja yake fita ko ɗakin ya yi tsatsa, kuma wannan tsinin ne ya sa in an jera 30 suke lanƙwashewa su ba da siffar ayaba. Daga baya aka shafe cikin hancin da ƙarfen kurom don maganin tsatsa. Ana kwance ta a share ba tare da sukudireba ba. A 1959 aka fito da AKM, wadda aka buga gangar jikinta daga fallen ƙarfe maimakon a sassaƙa ta daga dunƙule, ta ƙara sauƙi da araha. Nauyinta bai kai kilo 4 ba, kuma tana fitar da 600 a minti in da harsashin zai isa, wato aikin bindiga mai ruwa ya dawo hannun mutum ɗaya. An yi ta ne domin ɗan ƙauyen da aka ɗauko daga gona aka ba shi horon 'yan makonni, ya riƙe ta da safar hannu cikin sanyin ƙanƙara. Wanda ya ƙera ta bai yi tunanin cewa abin da ya sauƙaƙa wa wannan ɗan ƙauye ya sauƙaƙa wa kowa ba.

Ƙasashen Yamma sun bi ɗaya hanyar. A Herstal ta Beljiyam, Dieudonné Saive ya ƙera FAL, mai fistin mai gajeren bugu da maɓallin daidaita hayaƙi. Da gajeren harsashi ya fara gwada ta, kuma Ingila ma ta so hakan, amma Amurka ta nace sai ƙungiyar NATO ta ɗauki dogon harsashi mai ƙarfi, aka yi mata yadda take so a 1954. Sakamakon shi ne bindiga kyakkyawa, doguwa, mai nauyi, wadda in an sake ta a jere take ɗaga kai sama, har Ingila ta cire wa tata harbin jere gaba ɗaya. Ƙasashe fiye da 90 suka ɗauke ta. Da ta shiga hamada yashi ya dame ta, sai da aka tsattsaga ramuka a jikin mai ɗaukar sakata don ya sami wurin zama, wato aka koma ga darasin da Kalashnikov ya fara da shi. G3 ta Jamus da tsofaffin sojojinmu suka sani, ita ba ta da fistin sam, waɗansu 'yan gangunan ƙarfe biyu ne ke jinkirta buɗewar sakatarta.

Wanda ya yi wa fistin tawaye sosai shi ne Eugene Stoner na Amurka. Ya ga cewa sandar nan mai kai da komowa a bisa hanci nauyi ce, kuma tana karkata saiti, sai ya cire ta, ya sa siririn bututu ya kai hayaƙin kai tsaye cikin mai ɗaukar sakata. Bindigar da ta fito, M16, ta fi AK sauƙin ɗauka da iya saiti. Amma hayaƙi da toka da zafi duk a cikinta suke sauka, kamar a mayar da hayaƙin murhu cikin ɗakin kwana. Da aka kai ta Biyetnam, aka kuma sauya nau'in albarushin ba tare da shawarar mai ƙira ba, aka raba ta ba kayan shara, sai ta riƙa cijewa ana tsakiyar faɗa, aka yi ta samun gawar soja kusa da bindigar da ya kwance yana ƙoƙarin gyarawa. Majalisar Amurka ta yi bincike a 1967, aka gyara, kuma jikokin M16 suna aiki har yau. Sai dai gardamar ba ta mutu ba. AR-18, wadda kamfanin da Stoner ya yi wa aiki ya fitar a 1963 da fistin mai gajeren bugu, ba ta yi kasuwa ba, amma cikinta aka kwaikwaya a SA80 ta Ingila da G36 ta Jamus. Daga baya kamfanin Heckler & Koch ya ɗauki jikin M16 ya mayar masa da fistin, ya kira shi HK416, Faransa ta zaɓe ta a 2016. A 2022 sojan ƙasa na Amurka da kansa ya zaɓi sabuwar bindiga ta kamfanin SIG Sauer, ita ma mai fistin. Stoner da Kalashnikov sun haɗu a Amurka a 1990, tsofaffi biyu, ɗaya ya yi arziki da ƙirarsa, ɗaya kuwa lambobin yabo ya tara.

A ƙasar Hausa, Kaduna ce ta shiga wannan sana'a. A 1964 Nijeriya ta kafa masana'antar DICON, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya girka injuna, aka fara da BM59 ta Beretta, wadda jikar Garand ce da aka sa wa gidan harsashi mai cin 20. Daga baya aka buga FAL da G3 da izinin masu su, a 2006 aka nuna OBJ-006, wadda AK ce da aka raɗa wa sunan Obasanjo, a 2018 kuma aka sa hannu da Folan kan Beryl, ita ma daga zuriyar Kalashnikov. Duk ƙirar waje ce. Maƙeranmu na gargajiya, a nan Gana da can arewa, hannunsu bai gaza ba, amma mafi yawan abin da ke fita daga maƙerarsu bindigar farauta ce da ƙaramar bindiga, kuma doka ta hana. Bindiga mai fistin tana bukatar ƙarfe na musamman, da awon da ido ba ya gani, da masana'antar harsashi a bayanta.

Ba a jira mun iya ƙera ta ba kafin ta iso. Tarayyar Sobiyet ta ba Sin da Folan da Romaniya da Bulgeriya da Jamus ta Gabas da Masar damar bugawa, aka riƙa rabawa ƙawaye kyauta ko da araha, har ƙiyasin da aka fi ambata ya kai miliyan 100 na danginta a duniya. Mozambik ta sa hotonta a tuta, don da ita ta kori Fotugal. Da yaƙin Laberiya ya ɓarke a Disamban 1989, sojojin ECOMOG da Janar Arnold Quainoo na Gana ya fara jagoranta a 1990 suka tarar da ita a hannun yaran da ba su isa aske gemu ba. Kofi Annan, ɗan garin nan, ya faɗa a rahotonsa na shekarar 2000 cewa in ɓarna za a duba, ƙananan makamai sun cancanci a kira su makaman ƙare dangi. ECOWAS ta yi yarjejeniyar taƙaita su a Abuja a 2006, Gana ta kafa hukumar kula da su da doka a 2007. Sa'an nan aka fasa rumbunan Gaddafi a 2011, abin da ke ciki ya gangaro Mali da Nijar. Kalashnikov ya rasu ran 23 ga Disamba 2013, bayan rasuwarsa aka buga wasiƙar da ya aika wa shugaban cocin Rasha, yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa.

A gefen hagu na irin waɗannan bindigogi akwai tambarin masana'anta: kibiya cikin alwatika ta Izhevsk ce, tauraro na Tula, lamba 66 cikin alwatika ta Sin, kuma da yawa suna ɗauke da shekarar ƙira. Masu bin sawun makamai da waɗannan alamu suke aiki, kuma sau da yawa sukan tarar bindigar da aka kama ta girmi wanda aka kama da ita. Ratar nan da aka bari domin yashin fagen yaƙin Turai ita ce ta sa ƙurar hunturu da shekaru arba'in a binne cikin rami ba su kashe ta.

Mu a Zango ba daga nesa muke jin labarin ba. Ƙarar ta tana zuwa mana daga Bawku, tana kuma zuwa ta waya daga 'yan'uwan da muka baro a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da kudancin Maraɗi, inda ake kwashe shanu da mutane a shiga daji. A ƙauyuka da dama na can, waɗanda ke kwana a bakin gari suna gadi mafarauta ne da manoma, kuma abin da ke hannunsu harba-ruga ce ta maƙerin unguwa. Ta baki suke ɗura ta, su danna da sanda, yadda Tonawa suka yi a Amoafo shekara 150 da suka wuce. Wanda ke tahowa a kan babur yana iya juye harsashi 30 cikin daƙiƙa uku, ya cire gidan ya sa wani, mai gadi bai gama zuba albarushi ba.